Tawul a Gindin Ƙofa

Tun kafin mu bar Kano ƙanwata Mero ta kunna mini saƙon muryar Hajiya Ummu Salma har sau uku, wai in haddace. Hajiya Ummu Salma ita ce uwar tafiyarsu ta masu saro jakunkuna, ta fi shekara goma sha biyar tana zuwa Guangzhou ta ƙasar China, kuma duk matar da za ta je karon farko sai an tura mata wannan saƙo. Akwai abin ɗauka a cikinsa, ba zan ci hakkinta ba. Kada ki rabu da fasfo ko bakin titi za ki leƙa. Ki karɓi katin masauki mai rubutunsu, in kin ɓata ki nuna wa direba. Ki tafi da yajinki da kukarki. In mai kanti ya faɗi farashi ki juya kamar za ki tafi, zai kira ki.

Sai can wajen ƙarshe ta sauke murya, kamar mai ba da sirri. Ta ce ki karɓi ɗakin da ba shi da taga, ya fi sauƙi, ai barci kawai za ki yi a ciki. In za ki sa turaren wuta kuwa, ki sa wa na'urar da ke jin hayaƙi safa, ki kashe esi, ki cusa tawul a gindin ƙofa don kada mai masaukin ta ji ƙamshi ta zo da surutu.

Na ce, "To iska ta ina za ta shigo?"

Mero ta yi dariya har tana dafa cinyata. "Yaya, don Allah ki bar aji a Kano. Kin yi ritaya."

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da ilimin sinadarai a makarantar 'yan mata, kuma a gidanmu wannan ya zama abin tsokana. Duk abin da na faɗa sai a ce Malama ta fara. Na gaji da hakan tuntuni. Don haka na yi shiru, na ci gaba da ninke kayana.

Masaukin yana hawa na huɗu na wani dogon gini a Xiaobei, unguwar da za ki ji Hausa a bakin titi kamar kina Kantin Kwari. Ɗakinmu gado biyu ne da ɗan banɗaki. A bango akwai labule mai kyau, na ja shi na tarar da bango. Kati ɗaya aka ba mu, shi ne mabuɗi, shi kuma ake zurawa a wani rami kusa da ƙofa wuta ta kama. Hajiya Ummu Salma tana ɗakin da ke fuskantar namu.

Mun faɗo a lokacin da garin yake jiƙe. Ba ruwan sama nake nufi ba. Bango ne yake zufa, madubi ya yi hazo, tayil yana santsi kamar an watsa masa ruwa. Kayan da muka wanke ran Litinin har Alhamis suna nan da lema, sun fara warin tsami. Ran Laraba mun je Shiling, garin jakunkuna, Mero ta zaɓo samfuri wajen ashirin da za ta riƙe a hannu, sauran kuma wakilinta Ja'afaru ya wuce da su Baiyun don a sa a jirgin kaya. Da safiyar Alhamis ta ɗaga wata baƙar jaka ta ga farar funfuna ta fara fitowa a bakin zif. Sai ka ce an ce mata gida ya kama da wuta.

Bayan azahar Hajiya Ummu Salma ta shigo da leda cike da gawayi. Ta samo shi wajen wani Basine Musulmi mai gasa naman rago a kwanar layinmu.

"Wannan ƙaramin kaskon naki ba abin da zai yi," ta ce wa Mero. "Kawo kwanon silbar nan. Ki cika shi, ki jera jakunkunan su zagaye shi, ki shanya kayanki a sama. Kafin magariba komai ya bushe, ga ƙamshi. Haka nake yi kullum."

Suka hura gawayin a kan ɗan murhun lantarkin da muke dafa shayi, suka juye a kwano, Mero ta barbaɗa turarenta na hawi. Ta ɗaure igiya daga ƙusar labule zuwa ƙofar banɗaki. Ta kashe esi, ta kashe fankar banɗaki, wai suna janye ƙamshin. Sannan ta ɗauki safa ta hau kujera.

Ni na riƙe mata kujerar. Ina so a san wannan.

Hajiya Ummu Salma ta koma ɗakinta tana cewa, "Malama, yau dai ba ki yi mana lacca ba. China ta karɓe ki."

Wajen awa ɗaya muna zaune. Ɗakin ya yi ɗumi mai daɗi, karon farko tun zuwanmu. Mero tana juya jakunkuna, tana ƙara gawayi, tana ba ni labarin wata abokiyar cinikinta a Sabon Gari. Kaina ya fara sarawa ta gefe biyu, cikina yana tashi. Na ɗauka taliyar da muka ci ce. Mero ta yi hamma ta ce ita ma jikinta ya mutu, gajiyar Shiling ce ta sauko.

"Bari in ɗan miƙe kafin la'asar. Ke kuma je ki sayo maganin ciwon kai, kantin nan mai koren alama, bayan gadar sama. Ki bar mini katin don wuta."

Na saka hijabi na fita. Na ji ta sa sarƙar ƙofa a bayana, na ji tana tura tawul da ƙafa.

Nisan kantin bai kai tsawon lokacin da na ɗauka kafin in isa ba. Ƙafafuna sun yi nauyi, na zauna a kan wani dakali a gindin gadar na jima ina kallon masu tura amalanken kwali. Na tashi na haye, na bi layin da ba shi ba, na dawo. Da na samu kantin na nuna wa yarinyar da ke sayarwa kaina, ta miƙo mini fakiti. Na fito ina neman inda zan sayi ruwa, sai na lura ciwon ya sassauta. Tashin zuciyar ya kwanta. Ban sha komai ba.

Na tsaya a tsakiyar hanya da fakitin a hannu. Mutane suna kauce mini.

Shekara nawa ina rubuta shi a allo. Gawayi in ya ci a inda iska ba ta isa ba, yana fitar da wata iska da ba ta da launi, ba ta da wari. Tana fara wa mutum da ciwon kai, sai kasala, sai barci. Ina ce wa yarana, wanda ya yi barcin ba ya sanin ya kamata ya tashi.

Na duba agogon waya. Minti arba'in da fitata.

Na kira Mero. Ta yi ta ringi har ta katse. Na sake kira ina tafiya, na sake. A shekara sittin da takwas ba a gudu, amma abin da na yi a kan gadar nan ba tafiya ba ce. Ina ta cewa ya Hayyu ya Ƙayyum, numfashina yana yankewa. A ƙasan gininmu wasu maza sun tare lifta da dilolin kaya, suna cusa na huɗu. Na bi matakala. A hawa na biyu na riƙe ƙarfe na ji zuciyata a cikin kunnena. Na ci gaba.

Na buga ƙofar da tafin hannu. "Mero! Mero, buɗe!"

Shiru. Na kira wayar, na ji tana kuka a ciki, kusa, kamar a kan gado. Ta yi ta yi. Mero da ko saƙo ya shigo sai ta zabura.

Ƙofar da ke bayana ta buɗe. Hajiya Ummu Salma ta leƙo da carbi a hannu.

"Haba Malama, za ki tara mana jama'a. Barci take yi."

"Ba barci ba ne. Gawayin ne. Zo mu kira mai masaukin ta buɗe."

Ta fito da sauri ta kama hannuna. "Ke! Rufa mana asiri. In matar nan ta ga garwashi a ɗaki yau za ta watso mana kaya waje, mu duka, har da waɗanda ba su ji ba su gani ba. Lokacin baje koli ne, ba ɗaki ko ɗaya a garin nan. In 'yan sanda suka shigo kuma, kin san ba kowa ce takardunta suka cika ba."

"Sakar mini hannu, Hajiya."

"Ki tsaya ki ji. Dama ɗakin nan naku akwai magana a kansa, ban so in tsorata ku ba ne. Bara wata 'yar Maraɗi, Zeinabou, haka ta yanke jiki ta faɗi a cikinsa. Mutanen ɓoye ne. Da aka fito da ita baranda aka yi mata karatu, ba a yi minti goma ba ta buɗe ido. Bari in ɗauko ruwan tofi, mu tsaya nan mu karanta."

"Da aka fito da ita ina?"

"Baranda."

"Ita ma ta sa turare?"

Ban jira amsarta ba. Na fizge hannuna.

Teburin mai masaukin yana ƙarshen barandar. Mace ce gajeriya mai gilashi, kowa laoban yake ce mata, wato shugaba. Tana cin 'ya'yan wani abu tana tofar da ɓawo a kofi, idonta a kan waya. Na faɗi lambar ɗakinmu da Turanci, na nuna da yatsu, na yi alamar buɗe ƙofa. Ta ɗauka kati na yar. Ta girgiza kai ba ta ko ɗago sosai ba.

"Meyo, meyo." Babu ke nan. Ta ɗaga yatsa ɗaya, wato kati ɗaya ake bayarwa.

Na kwantar da kaina a tafin hannu na rufe ido, na nuna ɗakin. Ta yi murmushi ta gyaɗa kai. Ta gane 'yar'uwata tana barci.

Ban taɓa jin rashin harshe kamar lokacin nan ba. Na nemo lambar Ja'afaru. Ya yi karatu a garin, yana jin yarensu. Ya ɗauka cikin ƙarar motoci.

"Mama, ina wuni? Kayan sun..."

"Ja'afaru, saurara. Zan ba matar nan waya. Ka ce mata akwai garwashin gawayi a ɗakinmu, ɗakin a toshe yake, Mero tana ciki ba ta amsawa, an kusa awa guda. Ka ce ta buɗe, ta kira motar asibiti."

Ya sauke murya. "Mama, in na ce gawayi, wallahi matsala ce babba. Ko in ce ba ta da lafiya kawai?"

"Ka ce gawayi. Da shi za ka fara."

Na miƙa mata. Ta karɓa tana yamutsa fuska. Na ga lokacin da kalmar ta isa kunnenta. Kofin ɓawon ya kife a kan tebur. Ta zaro wani kati daga aljihun tebur, ta wuce ni a guje da silifas, tana ƙwala wa wani kira.

Katin ya yi ƙara, ƙofar ta buɗe kamar faɗin yatsa uku, sarƙa ta riƙe ta. Tawul ya naɗe a ƙasa. Ɗumi da ƙamshin hawi suka bugo mu, ƙamshin ɗakin mahaifiyarmu ran Juma'a. Na sa ido a tsagar. Kayan shanya sun tare mini gado. A ƙarƙashinsu na hango ƙafar Mero ɗaya ta sauko daga katifa, da lallen da aka yi mata kafin mu taso. Na kira sunanta da duk muryar da ta rage mini. Ƙafar ba ta motsa ba.

Wani ƙato cikin masu dakon kaya ya zo. Laoban ta nuna masa sarƙar tana magana da sauri. Ya ja baya ya doki ƙofar da kafaɗa, ta ƙi. Ya ciro jan tulun kashe gobara daga bango ya maka wa wajen sarƙar sau biyu, kusoshin suka fita da katako.

"Kada kowa ya ja numfashi a ciki!" Da Hausa na faɗa, ban san wa nake gaya wa ba.

Na cika ƙirjina da iska na shiga, na ture kayan shanya. Tana kwance a rigingine, bakinta a buɗe, ɗankwalinta ya zame. Fuskarta ba ta nuna wahala ba ko kaɗan, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Na kama zanen gadon ta wajen kai na ja, ko gezau. Mero ta fi ni jiki nesa. Sai na ga hannu mai carbi ya kama ɗaya gefen. Hajiya Ummu Salma ce. Mutumin ya kama ta ƙafa. Muka sauko da ita a cikin zanen, muka ja ta a kan tayil mai santsi har bakin matakala, inda taga take. Laoban ta bankaɗe tagar, ta koma ta fito da kwanon da tawul ta juye masa ruwa.

Na durƙusa na kai kuncina bakin Mero. Ban ji komai ba sai bugun kaina. Na sa hannu a ƙirjinta. Na jira. Can ya ɗaga, kaɗan, da wani munshari mara daɗi. Ya tsaya. Ya sake ɗagawa.

"Tana numfashi," na ce. "Ku taya ni juya ta."

Muka kwantar da ita a gefe. Hajiya Ummu Salma ta zo da gorar ruwan tofinta za ta ɗura mata. Na tare da hannu.

"Zai shige mata huhu. Ki karanta, Hajiya, ki karanta da ƙarfi. Ruwan dai a'a."

Ta zauna a ƙasa ta fara Ayatul Kursiyyu. Ƙofofi suka buɗe, mata suka firfito, wata tana salati, wata ta koma ɗaki da sauri, na ji tana jan kujera, da alama ita ma akwai safa a kan na'urarta. Ni dai ina ƙirga numfashin Mero, ina murza mata hannu, ina gaya mata maganganun da ban taɓa gaya mata ba tun muna yara. Ban san tsawon lokacin da motar asibitin ta ɗauka ba. An ce mini bai kai minti goma sha biyar ba.

A asibiti suka sa mata abin shaƙar oksijin, daga baya suka shigar da ita wani abu kamar tanki mai ƙofar ƙarfe. Ni ma suka zaunar da ni suka sa mini nawa, suka ɗebi jinina. Ja'afaru ya iso daga Baiyun da gumi. 'Yan sanda sun je masaukin, ya ce, an yi tambayoyi, an ci laoban tara, ta ba mu zuwa gobe mu kwashe kayanmu. Wasu mata biyu sun bar ginin ta matakalar baya tun kafin su iso. Na ce masa ya bar wannan zancen.

Sai washegari da hantsi ta farka sosai. Likitan matashi ne, ya yi wa Ja'afaru bayani mai tsawo a bakin ƙofa. Ja'afaru ya juyo ya ce, "Ya ce Alhamdulillahi, ta tsira."

"Maganar da ya yi ta fi haka yawa."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce likitan ya ce wani lokaci mutum yakan warware sarai, sai bayan mako biyu ko wata guda a ga ya fara mantuwa, ko tafiyarsa ta canza, ko halinsa. Ba kowa ba. A dai sa ido.

Na shiga na ja kujera kusa da gadon. Mero ta zare abin oksijin ta dube ni.

"Yaya, kin ga fuskarki kuwa? Kamar ke aka kwantar."

"Mayar da abin nan."

"To faɗi. Na san yana cin ki. Ce ai na gaya miki."

"Ban gaya miki ba," na ce. "Sau ɗaya na tambaya, kika yi dariya, na yi shiru."

Ta kalli silin. Na gyara mata bargo.

"Lissafo mini 'ya'yanki."

"Jarrabawa kuma? A gadon asibiti?"

"Lissafo dai."

Ta yi tsaki. "Saffana. Abdulgani. Firdausi." Ta tsaya. Ta ɗaga yatsa na huɗu tana kallonsa. Murmushin ya bar fuskarta a hankali. "Auta. Ɗan autana, mai... Kada ki gaya mini, Yaya. Kada ki kuskura."

Ban gaya mata ba. Na zauna ina kallon leɓɓanta suna motsi ba sauti. A gadon da ke kusa wata tsohuwa tana shan fate da cokali, ina jin kowane ƙarar cokalin a kwano. Na matse hannuwana a tsakanin gwiwoyina.

"Sharif," ta ce. Ta sauke numfashi. "Sharif. Ɗan banzan ba ya kira na ne, shi ya sa."

Ta yi dariya, na taya ta. Ta mayar da abin oksijin ta lumshe ido, na bar ta ta yi barci, hannuna a kan ƙirjinta. Gobe da safe zan sake tambayarta, jibi ma haka, ko za ta zage ni.